Rijiyar da Ta Yi Ƙaura

Ranar Talata suka zo, su uku,
kowa da takardunsa a cikin leda.
Na sa Bappah ya tayar da janareta,
na jera kujeru gaban kwamfuta.

Na ce, jarrabawar ba ta da tsawo.
Ga rijiyoyin burtsatse goma sha biyu
da muka auno a Bolari da Kumbiya-kumbiya,
kowace da lambobinta biyu,
ɗaya ta arewa, ɗaya ta gabas.
Ku zuba su a rumbun injin, ku rufe,
ku fita ku sha iska.
In kun dawo ku kirawo min su,
ku ware min na bakin kwari,
waɗanda zaizaya ke wa kallon tuwo.

Jauro ya fara, yatsunsa
kamar yayyafi a kan rufin kwano.
Ya gama shayina bai huce ba.
Da ya dawo sai lalube,
buɗe nan, rufe can, gumi har wuya.
Ashe "sabo" ya raɗa wa fayil ɗinsa,
ga "sabo" har bakwai a cikin injin,
kowanne na cewa ni ne.

Dija ba ta yi garaje ba.
Abin da na ba ta shi ta zuba,
abin da ta zuba shi ta ɗebo,
ko ɗigo bai ɓace ba.
Na duba takardar amsa, na ga daidai,
na ja mata maki, ta yi sallama.

Saura Rifkatu, 'yar Billiri,
ta tsura wa taswira ido, ta ƙi tashi.
Tana ƙirga ɗigo da bakin biro.
Sha ɗaya. Ta sake. Sha ɗaya.
Ta ja taswirar baya, Gombe ta ƙanƙance,
Dukku ta leƙo, kogin Gongola ya fito,
can sai ga ɗigo ɗaya tilo
zaune a daji, wajen Darazo.

Ta ce, Malam, wannan rijiyar na san ta.
Bayan injin niƙan Baba Manu take,
bakin famfonta ɗaure da roba.
Shekara guda ina bin layinta da jarka
lokacin da nake zaune gidan yayata.
Ba ta taɓa zuwa ƙasar Bauchi ba.

Na karɓi takardar da na raba musu.
Goma da 'yan kai, ta arewa ce.
Sha ɗaya da 'yan kai, ta gabas ce.
A layi na tara sun yi musayar mazauni,
kuma rubutun hannun nawa ne.
Lambobin garin nan 'yan ɗaki ɗaya ne,
in ka juya su inji ba ya ko tari,
ɗauka zai yi ya kai inda ka ce.

Damina biyu ke nan tana can
a rumbun ofishinmu, ba mai cigiya.
Duk jerin da muka aika sama
na rijiyoyin da kwari ke barazana,
babu sunanta.

Fom ɗin maki gida huɗu ne:
zubawa, ajiyewa, kirawowa, lokaci.
Rifkatu ta haura da minti ashirin.
Na juya fom ɗin, bayansa fari.

Da la'asar na kashe babur a Bolari.
Injin niƙa na ta kuka, yara na layi,
robar na nan a bakin famfo.
Na taka daga gindinta zuwa gaɓar kwari.
Taku goma sha tara,
na ƙarshen ma ƙasa na marmashewa.
Na zaro biro, na jingina fom a kan tanki.